Leda, Ciki da Ɗa Namiji: Tambayoyi da Amsoshi kan Sinadarin Talet

Maganar talet, sinadarin da ake tausasa roba da shi, ta daɗe a bakin masana a Turai da Amurka, amma a wajenmu a gutsure take isowa. Wani ya ce leda tana kashe mazakuta tun daga ciki, wani ya ce tatsuniyar Turawa ce kawai. Duka biyun sun kauce. Akwai abin da aka tabbatar, akwai wanda ake zargi da hujja mai ɗan ƙarfi, akwai kuma wanda baki ne ya ƙara masa gishiri. Ga tambayoyin da masu ciki da mazajensu da iyayensu suka fi yi.

Mene ne talet, kuma me ya kawo shi gidajenmu?

Talet dangi ne guda na sinadarai da masana'antu suke amfani da su tun wajen shekarun 1930. Babban aikinsu tausasa robar da ake kira PVC. Ita wannan robar tauri gare ta, da ita ake yin bututun famfo. Sai an zuba mata talet take yin laushi ta zama tiyon ban ruwa, ledar shimfiɗa a ɗaki, labulen banɗaki, rigar wayar lantarki, takalmin roba, 'yar tsana, ko jakar ƙarin jini. A wasu kayan, talet kan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinsu. Wanda ya fi suna a wannan aiki shi ne DEHP, sai DINP da BBP. Akwai kuma ƙanana irin su DEP da DBP, waɗanda ake sawa a turare don ƙamshi ya daɗe, da jan farce don kada ya yi saurin ɓarewa. A jikin kwali ko kwalba, in an rubuta shi, da kalmar phthalate za a gan shi.

Matsalar ita ce talet ba ya haɗewa da roba su zama jiki ɗaya. Yana zaune ne a tsakankaninta kamar yadda mai ke zaune a cikin tunkuza, da an ɗumama ko an matsa sai ya tsattsafo. Dubi tsohon tiyon da ya sha rana a tsakar gida: ya bushe, ya yi ƙandas, ana lanƙwasa shi yana tsagewa. Abin da ya tausasa shi ne ya fice, ya tafi cikin ruwa da ƙasa da iska.

Ta yaya yake kaiwa ga ɗan tayi?

Mafi yawansa ta baki yake shiga, musamman a abinci mai maiƙo, domin talet maiƙo yake bi. Madara, man girki, nama da abincin kanti kan kwaso shi tun daga masana'anta, a jikin tiyo da safar hannu da murfin kwalba. Saura yana shiga ta numfashi, a cikin ƙurar ɗaki, ko ta fata daga man shafawa. Da ya shiga jinin uwa yana iya ƙetarawa ta mabiyiya, kuma an sha samun ɓurɓushinsa a ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki.

Jiki ba ya ajiye shi. Cikin kwana ɗaya yawancinsa ya narke ya fita a fitsari. Sai dai kullum sabo na shigowa, shi ya sa tun da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fara auna fitsarin jama'a a ƙarshen shekarun 1990, take samunsa a jikin kusan duk wanda ta gwada.

Me ya sa ɗa namiji ake ta ambato?

Saboda yadda halittarsa take tafiya a cikin mahaifa. A makonnin farko, in ka dubi gaban ɗan tayi ba za ka bambance mace da namiji ba, siffa ɗaya ce. Wajen mako na bakwai maraina suke fara samuwa a can cikin ciki, kusa da ƙoda. Daga mako na takwas sai su fara fitar da sinadarin testosteron, wanda shi ne ke ba sauran gaɓoɓi umarni: mazakuta ta yi tsawo, fatar da ke ƙarƙashinta ta naɗe ta rufe ta zama hanyar fitsari har zuwa kai, jakar maraina ta haɗe. Akwai kuma wani sinadari mai suna INSL3 da yake fara jawo marainan ƙasa, su sauko sannu a hankali har su faɗa jaka a watannin ƙarshe.

A 2008 masu bincike a Edinbura ta ƙasar Sikotland, a ɗakin gwajin Richard Sharpe, suka nuna cewa wannan aiki yana da ƙayyadadden lokaci. A ɓera 'yan kwanaki ne kacal. A mutum sun ƙiyasta shi daga mako na 8 zuwa na 14, wato daga ƙarshen wata na biyu zuwa farkon na huɗu. Idan testosteron ya yi ƙaranci a wannan tsakani, wanda ya zo daga baya ba ya cike giɓin gaba ɗaya.

A nan ne abin ya fi damuna. Wata biyu zuwa uku lokaci ne da mata da yawa a ƙasar Hausa ba su fara zuwa awo ba. Mai cikin fari tana jin kunya, ko uwarta ba ta faɗa wa ba. Wata tana ɓoyewa don gudun baki, wata ma ba ta tabbatar ba, laulayi kawai take ji. Kafin ungozoma ko nas ta sami damar ba ta wata shawara, lokacin ya wuce. Don haka duk kiyayewar da za a yi, sai dai ta zama ɗabi'ar gidan tun kafin a sami cikin.

Me aka gani a jikin dabbobi?

Hujjar da ke nan ba ta da ja. Tun ƙarshen shekarun 1990 masana irin su Earl Gray na hukumar kare muhalli ta Amurka da Paul Foster suka riƙa ba ɓeraye masu ciki DEHP ko DBP ko BBP. 'Ya'yan da suka haifa maza sun fito da tarin matsaloli iri ɗaya: maraina ba su sauko ba, ƙofar fitsari ta buɗe a ƙasan mazakuta, bututun maniyyi ya naƙasa, nonuwa sun fito alhali namijin ɓera ba ya da su, sannan tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura ta gajarce. Da aka duba marainan 'yan tayin, sai aka ga talet ya dakushe ƙwayoyin da ke sarrafa testosteron da INSL3.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Na ɗaya, yawan da ke haddasa wannan naƙasa a ɓera ɗaruruwan miligiram ne a kowane kilo na nauyin jiki kullum, wanda ya ninka abin da mutum ke samu a rayuwar yau da gobe sau dubbai. Na biyu, da aka haɗa talet iri-iri, kowanne kaɗan-kaɗan, sai illarsu ta taru ta zama kamar an ba da ɗaya mai yawa. Mutum kuwa ba iri ɗaya yake haɗuwa da shi ba.

Ita wannan tazara da ake aunawa, mece ce amfaninta?

Nisan da ke tsakanin dubura da gindin al'aura ne. A namiji yakan kusa ninka na mace, a ɓera da mutum duka, kuma testosteron na wancan lokacin ne yake shata shi. Gajartarta ba ciwo ba ce, yaro ba zai ji komai ba, uwa ma ba za ta gane da ido ba. Alama ce kawai da masu bincike ke karanta abin da ya faru a mahaifa da ita. An ƙara ba ta muhimmanci a 2011, lokacin da bincike biyu a Amurka suka gano cewa manyan maza masu gajerar tazara sun fi samun ƙarancin ƙwayoyin maniyyi.

To a jikin mutane fa, an ga wani abu?

An gani, amma bai kai na ɓera fitowa fili ba. Binciken da ya tayar da ƙura shi ne na wata masaniya mai suna Shanna Swan a 2005. Ta auna fitsarin mata masu ciki a Amurka, sannan aka auna 'ya'yansu maza 85. Waɗanda iyayensu suka fi yawan ɓurɓushin wasu nau'o'in talet sun fi gajerar tazara. An soki binciken da cewa yaran sun yi kaɗan, kuma an ɗauki fitsarin bayan ciki ya yi nisa. Sai ta sake wani mafi girma a birane huɗu, da jarirai sama da 700 maza da mata, aka ɗauki fitsari a watanni ukun farko. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna alaƙa tsakanin DEHP da gajartar tazara a maza, ba a ga haka a mata ba. A shekarar dai, wani bincike a Suwidin kan yara maza 196 ya sami irin wannan alaƙa da DINP, wato sinadarin da aka kawo don ya maye gurbin DEHP.

A birnin Odense na Denmak kuwa, a 2016, an yi irin wannan awo ba a sami alaƙa mai ƙarfi ba. Matan can dama talet ɗin jikinsu kaɗan ne. A 2017 kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ya tattara binciken da ake da su ya yanke cewa a ɗauki DEHP a matsayin abin da ke gajarta tazarar a mutum, bisa hujja mai ƙarfi a dabba da matsakaiciya a mutum. Game da buɗewar ƙofar fitsari a ƙasa, ya ce hujjar mutane ba ta isa a yanke hukunci ba.

Bambancin da ake gani a jarirai 'yan milimita ne, kuma sai an haɗa ɗaruruwan yara ake hango shi. Ba a nuna yaro ɗaya a ce ga abin da talet ya yi masa.

Akwai masanan da ke ganin an zuzuta abin?

Akwai, kuma ba 'yan amshin shatan kamfanoni ba ne duka. A 2012 rukuni biyu, ɗaya a Edinbura ɗaya a Jami'ar Brown ta Amurka, suka dasa tsokar marainan ɗan tayin mutum a jikin ɓerayen gwaji suka ba su DBP. Testosteron ɗin da tsokar mutum ke fitarwa bai ragu ba, alhali ta ɓera da aka yi wa haka ta ragu. An kuma gwada wani ƙaramin biri a lokacin ciki, 'ya'yansa maza suka fito lafiya. Wannan ya sa shi kansa Sharpe yake ganin marainan mutum ba su kai na ɓera rauni a gaban talet ba. Sai dai an ga canji a ƙwayoyin da za su zama maniyyi nan gaba, ko a tsokar mutum ɗin.

A ganina, wannan saɓani dalili ne na kwantar da hankali, amma bai kai dalilin yin biris ba. Abin da ake nema a rage ba abinci ba ne, ba magani ba ne, babu abin da ɗan tayi zai rasa in an rage shi.

Wai da gaske yana mayar da namiji mace?

A'a. Jinsin yaro yana tabbata tun ranar da ƙwan uwa ya haɗu da maniyyin uba, babu robar da ke sauya shi. Babu kuma hujjar da ta ɗora halin mutum ko sha'awarsa bayan ya girma a kan talet.

Ana cewa maniyyin maza yana raguwa a duniya. Talet ne?

A 2017 wani masani mai suna Hagai Levine da abokan aikinsa suka haɗa bincike masu yawa suka ce yawan ƙwayoyin maniyyi a Turai da Arewacin Amurka da Ostireliya ya faɗi da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2011. Tun kafin nan, a 2001, likitan Denmak Niels Skakkebaek ya kawo ra'ayin cewa abu huɗu tushensu ɗaya ne a mahaifa: rashin saukowar maraina, karkacewar ƙofar fitsari, ƙarancin maniyyi da kansar maraina. Talet yana cikin waɗanda ake zargi, tare da ƙiba, taba, magungunan ƙwari da zaman wuri ɗaya. Akwai kuma masu jayayya da alƙaluman kansu, domin hanyar ƙirga maniyyi ta canza cikin shekarun. Wanda ya ɗora abin duka a kan leda ya wuce inda hujja ta tsaya.

Alale a leda, koko a leda, fiya wata: duk mu daina?

Gaskiya ledar ƙulla kaya da ta fiya wata ba PVC ba ce. Wata roba ce mai laushi tun asali, ba ta buƙatar talet. Haka gorar ruwa da ta lemo, mai lamba 1 a gindinta. Wadda ake gudu ita ce mai lamba 3 a cikin alamar kibiyoyi uku, ko mai harafin V ko PVC. Duk da haka ana samun ɓurɓushin talet a ledoji da ba a tsammani, daga tawadar rubutu ko daga tsohuwar robar da aka narka aka sake sarrafawa, kuma baƙar leda sau da yawa daga irin wannan take.

Ki dubi yadda ake alale: ƙullun wake da manja ko man gyaɗa, a ƙulle a farar leda, a jefa a tafasasshen ruwa ya yi ta ɓararraka har ledar ta yi yaushi ta manne da alalen. Zafi, maiƙo da daɗewa, abubuwa ukun da ke fitar da sinadari daga kowace irin roba, sun haɗu a tukunya ɗaya. Ga gwangwani, ga ƙananan kwanonin silba, ga ganye ga mai samunsa. Tuwo ma a kwashe a kwano ko kula mai cikin ƙarfe, koko a tafi da kofi wurin mai koko. Manja da man gyaɗa sun fi son kwalba a kan jarkar da ba a san abin da ta fara ɗauka ba. Masu hura gawayi da leda kuma su bari, hayaƙin nan guba ne ko da babu maganar talet.

Fiya wata dabam ce. In ita ce ruwa mai tsabta da kike samu, ki sha, ki dai ajiye ta a inuwa. Taifot da kwalara sun fi talet saurin yi wa ciki illa nesa ba kusa ba.

Canjin abinci yana aiki da sauri. A 2011 an ba iyalai biyar a San Faransisko abinci sabo da bai taɓa leda ko gwangwani ba har kwana uku, ɓurɓushin DEHP a fitsarinsu ya ragu da fiye da rabi. A wannan fanni mai dafa tuwo da miyar kuka daga abin da ta sayo ɗanye a kasuwa ta fi mai rayuwa a kan abincin kanti sa'a.

Ledar ɗaki fa?

Ita kam yawanci PVC ce, kuma kusan babu ɗakin amaryar da ba a shimfiɗa ta. Warin nan da sabuwa take yi in an rufe ɗaki da zafin bazara alama ce ta cewa tana sakin sinadarai. A Suwidin an gano cewa masu ciki da jariran da ke kwana a ɗaki mai irin wannan shimfiɗa sun fi yawan ɓurɓushin BBP a fitsari. Ba cewa ake a yaye a zubar yau ba. A riƙa buɗe taga, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar da ke tayar da ƙura, a wanke hannu kafin cin abinci, a shimfiɗa tabarmar kaba a inda ake zama. Sabuwa a bar ta ta sha iska kafin a shiga. Wadda ta tsufa tana ɓarɓashi a canza ta, in da hali da tayil ko siminti.

Turare da humra da kayan kwalliya?

Nau'in da ya fi yawa a turare shi ne DEP, kuma a gwajin ɓera bai rage testosteron ba, ko da yake ya fito a binciken Swan na farko. Wanda ya fi zama abin gudu shi ne DBP na jan farce, wanda Tarayyar Turai ta hana sawa a kayan kwalliya. Wahalar ita ce kamfani yakan rubuta kalmar ƙamshi kawai a jerin sinadarai, humra da turaren da ake aunawa a kasuwa kuwa ba su da jerin ma. A Kalifoniya an sa 'yan mata 100 suka canza kayan shafarsu zuwa marasa waɗannan sinadarai na kwana uku, ɓurɓushin DEP ya ragu da kusan kashi 27 cikin ɗari.

Ba wanda zai raba 'yar Hausa da ƙamshi, ba a kuma nemi haka ba. A watannin farko a rage, a fesa a tufafi maimakon fata, a bar taga a buɗe in an sa turaren wuta. Man kaɗanya zalla ya wadatar wa fata, jan lalle na ganye ya wadatar wa farce.

Cikina ya kai wata shida, yanzu nake jin wannan. Na makara?

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Mafi yawan yara maza lafiya ƙalau ake haifarsu, har a ƙasashen da aka fi cuɗanya da roba. Ragewa yanzu ma tana da amfani, domin maraina ba su gama saukowa ba, kuma wani bincike na 2022 da ya haɗa mata sama da 6,000 a Amurka ya danganta yawan talet da ɗan ƙarin haɗarin haihuwar bakwaini.

Gwajin fitsari na mutum ɗaya ba zai gaya miki komai ba, abin da kika ci jiya kawai zai nuna. Kada kuma wani ya sayar miki da jiƙo ko maganin wankin ciki da sunan fitar da guba. Ƙodarki tana yin aikin, jiƙon kuwa yana iya taɓa cikin.

In an ce za a yi mini ƙarin ruwa ko jini, in ƙi?

Kada ki ƙi. Gaskiya ne jakunkuna da tiyon asibiti da yawa suna da DEHP, kuma a 2002 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta shawarci asibitoci su nemi madadi wurin jarirai maza da masu cikin ɗa namiji in za a yi musu aikin da ke shigar da shi da yawa. Amma a sanarwar ta ce haɗarin fasa magani ya fi na sinadarin girma. Zubar jini yana kashe mai haihuwa cikin sa'o'i. Canza kayan aiki nauyin asibiti da gwamnati ne.

Shayarwa fa?

Ki shayar. Ana samun ɓurɓushin talet a nonon uwa, ana kuma samunsa a madarar gwangwani da robar shan jariri. Nono zalla har wata shida shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wannan magana ba ta canza ta ba.

Maigida yana da abin yi a nan?

Ƙwarai. Shi ke cefane, shi ke sayen ledar ɗaki da kayan wasan yara, sau da yawa shi ke shigowa da tsire ko wainar da aka zuba da zafinta a baƙar leda. Jikinsa ma abin ya shafa: a wata masana'antar ledar ɗaki a ƙasar Sin an sami ma'aikata da ƙarancin testosteron in aka kwatanta da waɗanda ba sa aikin. Mai aikin narka roba ko fenti ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya shiga ɗakin iyali. Matar da ke irin wannan aiki da kanta kuwa ta nemi a canza mata wuri da zarar ta yi ɓatan wata. In maigida yana shan taba, barinta ko fita da ita waje ya fi duk abin da aka lissafa a sama amfani ga cikin.

Me hukumomi suka yi?

Tarayyar Turai ta fara hana wasu nau'o'in talet a kayan wasan da jarirai ke sawa a baki a 1999, ta mayar da hanin na dindindin a 2005. Daga 2020 ta taƙaita DEHP, DBP, BBP da wani nau'in mai suna DIBP a yawancin kayan masarufi, kada su wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin robar. Amurka ta yi dokar kayan yara a 2008, ta faɗaɗa ta zuwa nau'i takwas a 2017. A Taiwan kuwa, a 2011, aka gano wasu masu sarrafa kayan haɗin lemo suna zuba DEHP a madadin manja don ya fi arha, abin ya shafi ɗaruruwan kayayyaki.

Doka tana tasiri. A Amurka, tsakanin 2001 da 2010, DEHP da DBP sun ragu a fitsarin jama'a, ko da yake DINP da DIBP da suka maye gurbinsu sun ƙaru. Abin tsoro a wajenmu shi ne kayan da wata kasuwa ta ƙi sukan nemi kasuwar da ba a bincike. Uwa ba za ta iya gane talet a jikin 'yar tsana da ido ba. Wannan aikin NAFDAC ne da SON, hukumar kula da ingancin kaya, a Najeriya, da takwarorinsu a Nijar da sauran maƙwabta, kuma ya kamata likitoci da 'yan jarida su riƙa tambayarsu abin da suke aunawa a tashar jiragen ruwa da kan iyaka.

An haifi ɗana da matsala a gabansa. Abin da na ci ne ya jawo?

Babu likitan da zai iya ce miki haka, kuma kada dangin miji ko kowa ya ɗora miki. Waɗannan matsaloli sun girmi roba. Gado yana ciki, haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi suna ciki, sau da yawa kuma ba a samun dalili ko ɗaya. Abin da ke hannunki shi ne a gano da wuri.

Me za a duba a jikin jariri, kuma yaushe za a je asibiti?

Tun kafin suna a duba abu biyu. Na farko maraina. Bayan wankan ruwan ɗumi, lokacin da jakar ta saki, ki ɗumama hannunki ki taɓa a hankali, ya kamata ki ji ƙwaya biyu, kowace a ɓangarenta. In da sanyi sukan noƙe sama su dawo, wannan ba komai. Amma in kullum ɓangare ɗaya a shafe yake ba komai a ciki, a nuna wa likita. Cikin jarirai maza ɗari da suka cika wata tara, biyu zuwa huɗu kan zo da haka, a bakwaini kuwa ya fi yawa sosai. Yawanci sukan sauko da kansu a watannin farko. In an cika wata shida bai sauko ba, jira ya ƙare, ƙaramar tiyata ake yi, an fi so kafin yaro ya wuce shekara ɗaya da rabi. Dalili shi ne maraina suna son wuri mai ɗan sanyi fiye da cikin jiki. Wanda aka bari a ciki yana rasa ƙwayoyin maniyyi, haɗarin kansa kuma yana ƙaruwa. Kaka takan ce a bar shi zai sauko in ya girma. A yi mata bayani da ladabi, amma a tafi asibiti.

Na biyu ƙofar fitsari. A kalli jaririn yana fitsari: daga tsinin kai yake fita, ko daga ƙasa? Wannan matsala tana samun kusan yaro ɗaya cikin 200 zuwa 300. Sau da yawa loɓar takan taru a sama kamar hula, ƙasan kuma a buɗe, har mutane su ce an haifi yaron da kaciyarsa, wani lokaci mazakutar ta ɗan lanƙwasa ƙasa. Irin wannan yaro kada a kai shi wurin wanzami, kada kuma a yarda a yi masa kaciya a asibiti ko a kaciyar taro ta lokacin sanyi, sai likitan tiyata ya gan shi. Da wannan fatar ake yawan gyara hanyar fitsarin, in an yanke ta aikin ya ƙara wuya. Ana yin gyaran tsakanin wata shida da wata goma sha takwas, a yi kaciyar a lokaci guda. Manyan asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin tiyatar yara da na mafitsara masu wannan aiki, asibitin da ke kusa da ku zai ba ku takardar turawa.

In kuwa ƙofar fitsarin tana can ƙasa sosai kuma ba a ji maraina ko ɗaya a jaka ba, wannan ba a jira da shi ko kwana biyu. A kai jaririn babban asibiti nan take, domin yana iya zama ciwon wata ƙaramar gaɓa da ke saman ƙoda, wanda ke zubar da gishirin jikin jariri a mako na biyu ko na uku, kuma gwajin jini ne ke gano shi.